Kwamfutar Direban Tirela

Sagiru, ajiye wayar nan tukuna. Tun ɗazu kake nuna mini hotunan kwamfutocin wasan gem guda biyu kana tambayata wacce ta fi, ni kuwa ko sunayensu ba na iya faɗa sai na ciji harshe. Amma bari in ba ka misali da wata mata da na sani.

Ƙaninta direban tirela ne, irin waɗanda gida yake zame musu wurin baƙunta. Ya yi haɗari a hanya, Allah ya bar shi da ransa amma ƙafafu suka daina ɗaukarsa, ta dawo da shi gidanta. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa har ƙafa ta ɗauke, ka dai san halin mutane. Wanda ya saba da hayaniyar tasha sai ga shi daga shi sai bango. Magana ta fara yi masa nauyi, abinci kuwa yadda aka kai haka ake ɗaukowa. Tsoro ya kama ta ƙwarai, don ta ga haɗarin bai kashe shi ba amma kaɗaici na neman ƙarasa shi. Ana haka wani abokin aikinsa ya gaya mata cewa idan suna jiran lodi da rana, sukan shiga wani shagon gem kusa da tasha su yi wasan tuƙin tirela ta intanet, suna tafiya a jere suna hira kamar a kan titi. Ya ce in aka sama masa kwamfuta da sitiyarin da ake komai da hannu, daga kan gadonsa zai shiga ayarinsu.

Da ta je kasuwa, mai shago ya nuna mata sababbin fitowa iri biyu. Ɗaya ƙatuwa ce mai ƙirjin gilashi, katin da ke zana mata hoto shi ake yayi, ruwa ne ma yake zagayawa cikin bututu yana sanyaya ta. Ɗayar ba ta wuce girman bulo ba, an haɗe ƙwaƙwalwarta da abin zana hoto wuri guda, ba ta cin wuta, inda ƙarfinta ya gaza sai ta cike hoton da dabara. Duk wanda ke shagon bakinsa ɗaya, babbar. Ita ba ta yi musu ba, ba ta kuma nuna ta san abin da ba ta sani ba. Ta dai ce su mata ko atamfa ce dillaliya kan kawo musu ita gida, su shimfiɗa su gani a hasken tsakar gidansu kafin su ce sun saya. To haka take so a yi mata, a kai duka biyun ɗakin mara lafiyar, kuma da azahar, lokacin da aka saba ɗauke wuta gidan ya koma kan sola. Mai shagon ya yi dariya, ya ce bai taɓa dillancin kwamfuta ba, amma ya ɗauko su da kansa.

Aka fara kunna babbar. Kai, abin sai wanda ya gani, har ɗigon ruwan sama kana ƙirgawa a gilashin mota. Mutumin da ya daɗe bai ɗaga kai ba ya dogara da gwiwar hannu ya tashi zaune. Sai dai tirelar ba ta gama fita daga tasha ba inbatan da ke ba gidan wutar sola ya fara kuka, komai ya ɗauke ɗif, har da fankar da ke kansa. Aka jira batir ya farfaɗo aka kunna ƙaramar. Hotonta bai kama ƙafar na waccan ba, wannan ko matar ta gani, amma ga ta tana aiki ga fanka na juyawa har aka kira la'asar. Duk da haka ƙanin ya dube ta ya ce, "Yaya, babbar nake so, ko na ɗan lokaci ne." Ta ce, "Ni ma ita ta fi burge ni. Amma abokanka da rana suke hawa hanya, ba zan saya maka motar da za ta riƙa mutuwa suna tafiya su bar ka ba."

Wallahi a nan matar ta shiga raina. Tana da halin sayen babbar, kuma abu na farko ke nan da ya roƙe ta tun da ya kwanta. Hana mara lafiya abin da idonsa ya so ba ƙaramin aiki ba ne, sai da ta shiga ɗakin girki ta share hawaye. Ya yi kwanaki yana fushi, ta ƙyale shi. Ba a daɗe ba maƙwabta suka fara jiyo muryarsa ta katanga kullum bayan azahar, yana yi wa wani faɗa don ya sha gabansa a kan kwana. Daga baya direbobin nan, duk wanda lodi ya biyo da shi ta garin, sai ya tsaya ya shigo a ƙarasa musun da aka fara a hanya, har ta kai matar tana ƙara hannu a tuwon rana.

Saboda haka kafin ka tambayi kowa wacce ta fi, je ka tsaya a ɗakinka da tsakar rana, ka dubi wutarka, ka tuna abin da kake son yi da ita. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, daidai ruwa, daidai tsaki.