Kwano Na Uku

Zauna, 'yata. Na ji ki ɗazu kina ce wa yaron nan in bai ci ba wani zai zo ya cinye. Ga misali, ki riƙe.

Wata mata ce da tagwayenta, mace da namiji, ba su daɗe da yaye ba. Ba sa cin abinci. Tuwo su tofar, shinkafa su watsar. Mijinta ya taɓa yi wa wasu mutanen Japan aikin kuku, shi ya koya mata girkinsu na tukunya ɗaya. A yanka naman sa sirara-sirara kamar za a yi kilishi, a jera shi da kabeji da karas da albasa da awara, a zuba romo mai ɗan zaƙi, a ɗora kan kurfoti a gefen tabarma, yana tafasa ana ɗiba. Ya ce babu yaron da zai ƙi wannan. Tagwaye suka sunsuna, suka kawar da kai. Sai ta ɗauko ƙaramin kwano na uku ta ajiye tsakaninsu. Ta ce na Ɗan Baƙo ne, duk abin da suka ƙi shi zai ci. Ta zuba masa. Da sun juya ido sai ta ɗauke naman ta jefa a bakinta, ta ce, "Kun gani, ya cinye." Ranar kishi ya sa suka ci har da kabeji. Ta yi murna. Kullum da azahar tukunya na tafasa, kwano uku a tabarma.

Amma yaro ba ya daɗewa yana kishi da wanda yake zama kusa da shi. Suka saba da Ɗan Baƙo. Suka fara tsame namansu suna hura masa, suna sa masa a kwano, sannan awara, sannan komai. Su romo kawai suke lasa. Uwar ta daina ɗauka, don ta ga abin ya juye. Kwanon bai daina ƙarewa ba. Babu mage a gidan, babu kaza. Rana tsaka, tana zaune tana kallo, ta sunkuya ta gyara gawayi, ta ɗago, kwano a suɗe, da sawun 'yan yatsu a maiƙon. Awarwaron yarinyar da a da yake kama mata hannu ya fara zamewa har ya faɗi. Tabarma kuwa, daidai inda babu kowa, ta fara lotsawa. Uwar ta fasa kwanon. Ta durƙusa ta ce musu babu wani Ɗan Baƙo, ita ce take cinyewa. Yarinyar ta kalli wurin, ta saurara, ta ce, "Umma, ya ce a da can ke ce."

Uwar ta kwashe su ta kai gidan kakarsu, gari mai nisa, ta bar tukunyar da kurfotin. Kaka ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta kawo tuwo. Yaran suka zauna, suka matsa, suka bar wuri a tsakaninsu.

Ko mene ne, ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Uwar ce ta kira shi da bakinta. Ki bar yaron nan, yunwa za ta kawo shi. Hausawa suka ce garin neman ƙiba aka samo rama.