Tsohon Injin Mai Fito

Kai da kake tambaya ko tsohon abu ya isa a ɓata lokaci a kansa, gyara zama ka ji.

A wani gari na bakin kogi an yi wani mai fito, wanda da gora da ƙarfin damtse yake ƙetarar da mutane zuwa tsibirin da suke noman shinkafa. Mahaifinsa ya rasu ya bar masa injin kwale-kwale, ya shekara tara jingine a lungun zaure, tsatsa ta ci shi, zanzaro ya yi ɗaki a jikinsa. Da sauran masu fito suka soma ɗaura sababbin injuna masu sheƙi, fasinja suka juya masa baya, sai ya jawo nasa waje ya kakkaɓe. 'Yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe suka taya, ya ce albarka. Bakaniken garin ya duba, ya girgiza kai ya ce, "Malam, wannan ai gawa ce, sai dai sutura." Mai fito ya shimfiɗa buhu a gindin tsamiya, ya kwance injin ƙarfe-ƙarfe, yana jera su yadda ya ciro su don kada ya rikice. Ya wanke kafireta da kananzir, ya kankare fulogi, ya kai wa maƙeri farfelar da ta lanƙwashe aka miƙar. Sau huɗu yana haɗawa yana sake kwancewa, har faratansa suka yi baƙi, har ya zamana ko ido rufe ya san mazaunin kowane noti. Ranar da ya ɗaura shi a bayan jirgi ya ja igiya, injin ya yi tari, ya sake tari, sannan ya kama da wata irin ƙara mai firgita awaki, hayaƙi ya turnuƙe bakin ruwa. Mutane suka yi ta dariya. Shi kuwa ya zauna a bayan jirginsa ƙirji a buɗe, kamar wanda aka naɗa wa rawani.

A shekarar nan ruwa ya zo ana tsakar girbi. Cikin kwana biyu kogi ya cika ya batse, ya taho da kainuwa da ciyawa da reshen itace, ya fara cin tsibirin, ga mutane ga dammunan shinkafa a kai. Masu sababbin injuna suka faɗa ruwa da hanzari. Kafin su kai tsakiya ciyawa ta naɗe farfela, laka ta toshe ciki, injuna suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Cikin masu su babu wanda ya taɓa ɗaga murfin nasa, iyakar saninsu ja da tuƙi, in ya lalace sai birni. Na mai fito ma ya mutu, ba sau ɗaya ba, har sau uku, sau ɗaya ma da mata da goyo a ciki, ruwa na jan su suna salati. Amma shi tun daga sautin da injin ya yi kafin ya ɗauke ya san inda ciwon yake. Ya ɗaga murfi, ya hura nan, ya goge can da gefen riga, ya ja igiya, injin ya amsa. Sawu goma sha ɗaya ya yi tsakanin hantsi da la'asar. Bai bar mutum ba, bai bar dami ba, a sawun ƙarshe kuma ya ɗauro jirage biyu masu sababbin injuna ya jawo su har gaɓa.

Da ya sauko, Sarkin Ruwa ya tare shi a gaban jama'a ya riƙe hannunsa ya ce, "Wai wa ya koya maka wannan aiki?"

Mai fito ya ɗora tafinsa a kan murfin injin, da sauran zafinsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga malamin nan."

Ka ji dalilin da ya sa magabata suka ce da tsohuwar zuma ake magani.