Hannun Marigayiya a Allon Talla

Wata uku ke nan mai gyaran agogo bai bi titin da ya saba bi ba. Sai ya zaga ta bayan tashar mota, ga ciwon gwiwa, kafin ya isa shago.

Mutum ne mai wata irin ɗabi'a: ba ya ɗaukar hoton fuska, sai hannu. A wayarsa akwai hannun mahauci, da na direba, da na matarsa, wanda ya ɗauka tana warware zare kwana kaɗan kafin ta rasu. Fata ta yamutse, jijiyoyi sun fito, ga tabon ƙuna a babban yatsa.

Bayan rasuwar ya ɗora hoton a wani shafin raba hotuna na intanet, don duniya ta ga hannun da ya riƙe masa gida shekara arba'in. Shafin ya jero masa sharuɗɗa. Ido ya gaji, ya danna na farko.

Wata safiya ya ɗaga kai a mahaɗar titi, sai ga hannun nan, ya fi ƙofa girma, a allon tallar man shafawa. An rubuta: "Kada ki bari naki ya koma haka." Can ƙasa, da ƙananan haruffa, ga sunansa.

'Yarsa ta kai shi wurin lauya. Lauyan ya buɗe shafin.

"Baba, kai ka danna nan?"

"Ni ne. Na ɗauka gaisuwa ce irin ta masu shafi."

"Ai izini ka bayar. Kowa ya ɗauka, ya sauya, har ya yi kasuwanci da shi, muddin ya ambaci sunanka. Sun kuwa ambata. Da na ƙasansa ka zaɓa, da ka hana talla."

"To, na fasa."

"Irin wannan ba a fasa shi, Baba. Ko ka goge naka, nasu yana nan. Sai dai mu sa su cire sunanka."

Tsohon ya daɗe yana kallon agogon bangon ofishin, wanda ya makara da minti shida.

"Su bar sunan," ya ce. "Kada a bar ta can ita kaɗai."

Jama'a, raba abu kyauta alheri ne, amma a karanta sharaɗi kafin a danna, ko a nemi mai karantawa, domin izinin da ya fita ba ya dawowa. Kai kuma mai ɗauka, ko doka ta ba ka, ka tuna hannun mahaifiyar wani ne.