Dakuwar Iya Mairo

Sakamako ya fito yau, na kwashe A a falsafa, abokai sai "sai kai, gaye!" suke ta yi min. Ni kuwa wallahi Iya Mairo na tuna, tsohuwar da 'yan layinmu a Ƙofar Doka suke ce wa mayya.

Ina ɗan shekara takwas, bayan la'asar, ina bakin zaure Baba na karantar da ɗalibansa. Ya ce, "Camfi raunin imani ne. Ba mai cutar da kai sai da izinin Allah."

Sai ga Iya Mairo za ta wuce. Ta miƙo min dakuwa ta ce, "Ungo, ɗan Malam." Har yau ƙamshin gyaɗar nan na hancina.

Kafin in kai baki, Baba ya taso ya buge min hannu. Dakuwar ta faɗi a gabanta. Ta sunkuya ta ɗauka, ta hure ƙasar, ta wuce.

Na ce, "Baba, ba yanzu ka ce..."

"Rufe min baki! Kai kaɗai gare ni."

Hujjojin Baba na juye a jarrabawar nan. Sun ci min A, amma a ranar ko dakuwa ɗaya ba su iya ceta ba.