Kwalbar Baba Sande

Ina 'yar firamare a Samaru nake tara kwalaben lemo a ƙarƙashin gadon Inna. Na san mai farin rubutu, na san mai ja da fari. Wadda na rasa ita ce tsohuwar, wadda aka fito da sunan lemon a jikin gilashin, har yatsa yana jin tudun haruffan.

Wata Kirsimeti, zamanin mulkin soja, Baba ya tafi da ni Sabon Gari mu gaida abokinsa Baba Sande, kafinta. Ya buɗe mana lemo, shi ma ya ɗauki ɗaya. Tawa mai farin rubutu ce, na shanye. Da na ɗaga kai sai ga tsohuwar kwalbar nan a hannunsa. Na ƙura mata ido, na manta a gidanmu yaro ba ya kallon bakin babba yana ci.

Baba Sande ya yi dariya, ya miƙo mini ragowar. "Karɓi ki sha, 'yata, akwai wani."

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "A gida ba a ba ki ne?"

Ba a mayar wa uba magana a gaban mutane. Na shanye lemon da ba na so, ƙwalla na ɗiga, matar gidan ta karɓe kwalbar ta jefa cikin kires ɗin kwalabe.

Yanzu ina da irinta a kabad. Baba ya rasu yana zaton kwaɗayi ne.