Sallolin Yarinyar Cikin Littafi

Ina aji biyar a unguwar Nima, malamarmu ta ba ni wani littafi in kai wa Baba, shugaban iyayen yara. Sai in ya amince za a karanta mana shi a aji.

Bayan la'asar na zauna ina fassara masa: wata yarinya ta shiga tsohon akwati, ta ɓullo a zamanin kakarta, ta yi sati guda.

Baba ya ajiye kofin shayinsa. "Da ta dawo, ta rama sallolin?"

"Baba, labari ne fa."

"Duba dai."

Har magariba ina dubawa, babu. Ya hana littafin, 'yan ajinmu suka daina yi mini magana.

Yau ni ce malamar, an kawo mini irinsa in tantance. Abin haushi, ina shafi na arba'in na kama kaina ina ƙirga salloli.