Maiƙo a Tanderun Ummussalma

Ummussalma ta zaro ɗan kofin tangaran daga tanderu, ta ɗora a sikeli, ta ja tsaki. Nauyin ya sake ƙaruwa.

Aikin nata ba mai wuyar ganewa ba ne. Ta haɗa dalma da wani sinadari da ake tatsowa daga ganye, ya zama farar hoda. Sai ta gasa hodar, tana aunawa lokaci-lokaci, don ta ga saurin da zafi ke wargaza ta. Duk abin da wuta ke ci raguwa yake yi. Nata kuwa ƙiba yake yi. Malaminta na jami'a a Kano, mai duba aikin, ya riga ya ja mata kunne: in ba sakamako mai ma'ana kafin ƙarshen zango, digirinta na biyu sai wata shekarar.

Ta leƙa kofin. Wani maiƙo rawaya ya jiƙa hodar, ga ƙauri kamar gindin tsohon kasko. Da ma ga ta da ciki, ko warin ashana ba ta so.

Ba ta sha wahalar neman mai laifi ba. Jafaru ne, mai kula da ɗakin gwaje-gwajen kwalejin da take aikin a Birnin Kudu. Mutum ne da zai ci ƙosai, ya lashe yatsu, ya goge a gaban riga, sannan ya ɗauki kayan awo. Ganinsa kawai ƙyama yake ba ta.

"Wallahi Malama, ban taɓa buɗe tanderun nan ba," in ji shi.

Ta kai ƙararsa. Aka karɓe makulli aka ba ta, shi kuma aka mayar da shi sharar ajujuwa. Ta wanke tanderun fes, ta sake sabuwar hoda.

Abu ɗaya ke sanyaya mata rai a kwanakin nan. Cikin ya sa mata kwaɗayin soyayyar fara, kuma sai ta Gwaram, wadda wata mai sayarwa, Inna Kaltume, ke soyawa da man gyaɗa da yaji. Mijinta Abdulnasir, direban bas ne tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, bai taɓa fashin kawowa ba. Takan bar masa ɗakin gwajin ta tafi sallar azahar. In ta dawo ta tarar da farar da zafinta, ƙaras-ƙaras, ta cinye tas.

Washegarin wanke tanderun, maiƙon ya dawo. Kwana biyu bayan haka ta tsinci wani siririn abu mai ƙaya-ƙaya a cikin hodar. Ƙafar kyankyaso! Da kyar ta kai bakin kwata kafin aman ya ƙwace mata.

Lallai ƙazamin nan ya yanko wani makullin, yana ramuwa. Ranar Alhamis ta ɗauki buta kamar kullum, ta kai rabin hanyar masallaci, ta juyo a sace, ranta na tafasa.

Ƙofar tanderun a buɗe take. Wani ya ba ta baya, ya duƙa da awartaki a hannu, yana gyara zaman wani faranti a tsakiyar kofunan dalmarta. Mai na tartsatsi, yana fallatsa ko'ina.

Abdulnasir ya waigo da murmushi. "Yau kin dawo da wuri, uwargida. Ɗan jira kaɗan, farar taki ba ta gama ɗumama ba."